Yadda Ake Gano Matsalar Kuloci Mai Aiki Da Mai Da Kuma Cire Masa Iska

Da wuya a yi mako ba a kawo mana mota gareji da wannan magana ba: "Oga, kuloci ya tafi ƙasa, giya ta ƙi shiga." Mai motar tun daga gida ya riga ya ƙudurta cewa sai an sauke giyabos an canza faranti. Sau da yawa kuwa abin bai wuce iskar da ta maƙale a layin mai ba, ko wata 'yar roba mai kamar zobe da ta gaji. Cire iskar, wanda muke ce wa bilidin, aikin rabin awa ne ga mutum biyu. Sai dai iska ba ta shiga layi haka kawai, akwai ƙofar da ta bi. In ba ka gano ƙofar ba, ka cire yau, jibi ta dawo. Don haka bincike zai zo kafin sifana.

Kayan da za ka tanada

- Sabon man birki, rabin lita, wanda ba a taɓa buɗe murfinsa ba
- Ring sifana lamba 8 da 10 (wasu motocin 7, 9 ko 11 ne)
- Sifanar bututu mai tsaga a baki, in har za ka kwance bututun ƙarfe
- Tiyo mai haske da ake ganin cikinsa, kamar rabin mita
- Gorar roba mai haske, busasshiya
- Babban sirinji mai ɗaukar mililita 50 ko 60
- Burushin waya, man fesawa mai kwance tsatsa, tocila, tsummoki masu tsabta, bokitin ruwa
- Jak, sitan na ƙarfe da waigi
- Mutum ɗaya mai jin magana da zai zauna a kujerar direba

In ba ka sami tiyon gareji ba, je kemis ka sayi sabon tiyon ƙarin ruwa ka yanka. In bakinsa ya yi wa nifil kaɗan, wato ɗan notin mai rami da ake cire iska ta cikinsa, tsoma shi a ruwan zafi ya yi laushi, ka goge shi ya bushe, sai ka cusa.

Maganar mai tana bukatar a tsaya a kanta, domin a nan ake yin ɓarnar da ta fi yawa. Kuloci yana amfani da man birki ne, kuma irin da motarka take so yana rubuce a kan murfin kofin: DOT 3 ko DOT 4. Bambancinsu jure zafi ne. Sabon DOT 3 ba ya tafasa sai ya kai aƙalla digiri 205, DOT 4 kuwa 230. Dukansu suna shan danshin iska, kuma in sun sha, na farkon yakan sauko wajen 140, na biyun wajen 155. Shi ya sa ragowar man da ya yi wata da watanni a buɗe a bayan but ba abin zubawa ba ne, haka ma wanda ake tsiyayawa a gora a bakin titi. Motar da aka rubuta mata DOT 3 za ta karɓi DOT 4, amma wadda aka rubuta wa DOT 4 kada ka sauko da ita. DOT 5 kuwa wani jinsi ne daban, na silikon, ba ya gauraya da waɗannan. Kada lambar ta ruɗe ka ka ɗauka shi ne gaba da su.

Baƙin mai, man giya, man sitiyari, fetur, kananzir, duk kada ɗigonsu ya shiga layin nan. Suna kumbura roba har ta zama kamar danƙo. Ko sassan da ka kwance, da man birki za ka wanke su. Man birki kuma yana cin fenti, shi ne dalilin bokitin ruwa: in ya ɗiga a jikin mota ka sheƙa ruwa nan take. In ya fantsama a ido, ka wanke da ruwa mai yawa, in zafin bai lafa ba ka je asibiti.

Abin da ke faruwa idan ka taka feda

Sassan ba su da yawa. Akwai kofin mai. Ƙarƙashinsa akwai masta, wanda muke kira kulocin sama, a manne da bangon da ya raba inji da ƙafar direba, sandarsa tana haɗe da feda. Daga nan bututun ƙarfe da guntun tiyon roba suka gangara zuwa kulocin ƙasa da ke jikin giyabos. Ka taka feda, fistin na sama ya tura mai, man ya tura fistin na ƙasa, sandarsa ta tura fok, wato ƙarfe mai baki biyu da ya shige cikin giyabos, fok ya tura boris, boris ya danna abin da yake matse faranti, faranti ya saki. Mai ba ya matsuwa, don haka duk abin da ƙafarka ta tura yana isa ƙasa. Iska kuwa tana matsuwa. In akwai ta a layi, rabin takunka a matse ta zai ƙare, kulocin ƙasa ya motsa kaɗan, faranti bai gama saki ba, giya ta yi ta gurnani.

Ka tabbatar ma motarka ta mai ce. Wasu, kamar yawancin Golf 3 masu ƙaramin inji, waya ce take jan kulocinsu, babu abin da za a cire wa iska. Sannan ka san inda kofinka yake. A Hilux da tsofaffin Corolla ƙaramin kofi ne nasa na kansa kusa da na birki. A Hiace sai ka duba gefen dashbod ta wajen ƙofar direba. A motocin Turai da yawa, irin su Golf 4 da Ford Focus, kuloci da birki kofi ɗaya suke sha.

Mataki na 1: Saurari ƙafarka

Inji a kashe, taka kuloci ka bi giyoyin duka. In suna shiga sumul, amma da ka tayar da inji sai su ƙi, musamman ta ɗaya da ribas, to kuloci ne ba ya gama saki. Yanzu taka feda da sauri sau biyar ko shida, ka riƙe, ka gwada giya. In ta shiga, matsalar ta mai ce: iska ko robar da ta gaji. Wannan gwajin kaɗai ya sha hana mu sauke giyabos a banza.

Fedar da ta yi laushi kamar kana taka katifa, iska ce. Fedar da ta faɗa ƙasa ta ƙi tasowa, ko dai mai ya ƙare ko roba ta fashe gaba ɗaya. Akwai kuma mai yaudara: feda tana da ƙarfi, giya tana shiga, amma in ka daɗe a tsaye cikin cunkoso da ƙafa a kan kuloci sai mota ta fara jan jiki. Gwada a fili, inda babu kowa a gabanka: ja hambirki, sa giya ta ɗaya, riƙe feda a ƙasa kamar minti ɗaya. In inji ya fara nishi yana neman mutuwa, robar masta ce take barin mai ya koma baya ta ciki. Ba za ka ga ɗigo ko ɗaya a waje ba, kofi ma a cike, kuma bilidin ba zai yi maganinta ba.

In kuwa ƙorafin shi ne ana ba da wuta inji yana ihu mota ba ta ja, ga ƙauri a kan tudu, wannan sulɓi ne. Yawanci faranti ne ya cinye, iska ba ta kawo shi. Sai dai akwai wani sulɓin da masta yake haddasawa, zan zo kansa a wajen saitin feda.

Mataki na 2: Nemo inda mai yake fita

Buɗe kofi ka duba. In man ya yi baƙi kamar shayin da ya kwana, roba ce take narkewa a ciki. In ya sauka, wani wuri ya bi.

Ɗauki tocila ka kwanta a ƙarƙashin sitiyari, ka haska inda sandar feda ta shige bango. Taɓa robar wurin da kafet ɗin ƙasa. Jiƙa a nan, ko fenti da ya tattare, shaidar masta yana yoyo ta baya ne. Direbobi da yawa takalminsu yana santsi a kan feda wata guda ba su san dalili ba.

Koma wajen giyabos. Ja robar ƙura da ke bakin kulocin ƙasa baya kaɗan. Cikinta ya kamata ya zama a bushe. In mai ya zubo, shi ne mai laifin. Bi bututu da yatsa tun daga sama, ka duba mahaɗai da wuraren da yake gogar ƙarfe. Sa mataimakinka ya taka feda kana riƙe da tiyon roba: in ka ji yana kumbura a hannunka, ya mutu. Wani tiyon kuma ta ciki yake ruɓewa ya toshe hanya, sai feda ta riƙa dawowa a hankali.

In ka duba jikin giyabos ba ka ga kulocin ƙasa ba, sai bututu kawai da ya shige ciki, to motarka irin wadda aka haɗa shi da boris a cikin ƙoƙon giyabos ce, kamar Opel Vectra B da Zafira da Focus. Alamar yoyonsa ɗigo ne ta ƙasan inda inji ya haɗu da giyabos. Shafa a yatsa ka zuba ruwa: man birki yana wankewa da ruwa, baƙin mai ba ya wankewa. In shi ne, babu makawa sai an sauke giyabos, kuma in an sauke a canza faranti gaba ɗaya a huta.

Sake komawa ƙarƙashin sitiyari, girgiza feda da hannu. Fil ɗin da ya haɗa ta da sandar masta yakan cinye, raminsa ya zama kamar ƙwai, rabin taku ya tafi a banza. Haka nan in sandar kulocin ƙasa tana tafiya sosai, kamar santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a yawancin ƙananan motoci, amma giya ta ƙi, to ɓangaren mai lafiyarsa lau. Nemi fok da ya tsage ko matsalar faranti.

Mataki na 3: Gyara abin da ya lalace

Kit na roba ya fi araha, kuma yana yi in cikin silindar masta ko ta kulocin ƙasa sumul yake. Sa yatsa ka shafa, ka haska da tocila. In akwai zane ko ramukan tsatsa, sabuwar roba ba za ta yi wata biyu ba, sayi silindar sukutum. Ni dai ra'ayina, in motar ta tsufa kuma ɗaya ya mutu, a canza sama da ƙasa tare, domin shekarunsu ɗaya, mai ɗaya suka sha. Sabon masta mai ƙarfi yakan fasa tsohuwar robar ƙasa ba da daɗewa ba.

In sabon masta za ka ɗaura, cire masa iska tun yana hannu. Kama shi a bais ta wajen kunnensa, kada ka matse jikin silinda. Cika kofi, toshe bakin fitar mai da yatsa, tura fistin a hankali kana sassauta yatsa, ka toshe kafin ka saki. Maimaita har mai ya riƙa fitowa babu tofi. Minti biyar ɗin nan zai rage maka wahalar awa ɗaya.

Gargaɗi babba: kada a taka feda alhali kulocin ƙasa yana kwance daga jikin giyabos. Babu abin da zai tare fistin, zai yi tsalle ya fito, mai ya watse.

Mataki na 4: Shirya mota

Ajiye ta a wuri mai daidai, giya a firi, hambirki a ja, waigi gaba da bayan taya. In sai an ɗaga, a dora ta a kan sitan. Kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ya riƙe, balle ga mutum a ciki yana taka feda tana girgiza. Bulon siminti ma ba abin yarda ba ne, yana fashewa ba sallama. Bari inji ya huce, don a wasu motocin kulocin ƙasa yana dab da salansa.

Goge murfin kofi da kewayensa kafin ka buɗe, musamman lokacin hunturu da ƙura take ko'ina. Zuƙe tsohon mai da sirinji, ka goge dattin gindin kofi da tsumma mai tsabta, ka cika da sabo har layin sama.

Yanzu nifil, wato ɗan ƙaramin noti mai rami da ke jikin kulocin ƙasa. Cire hularsa ta roba, goge shi da burushi, fesa masa mai, ka ba shi minti goma. Ring sifana za ka sa, wadda ta zauna daram. Mai buɗaɗɗen baki tana cinye kansa, filaya kuwa ta fi muni. In ya ƙi, ɗan bubbuga jikin sifanar da hannu, ka gwada ɗaurewa kaɗan sannan ka kwance. Cikinsa rami ne, ba ya son ƙarfi. In ya karye a ciki, sau da yawa sayen sabon kulocin ƙasa ya fi sauƙi. Da zarar ya motsa ka mayar ka rufe.

Bar sifanar a kansa, ka cusa tiyo. Zuba mai kamar yatsa biyu a gora, ka tsoma ɗaya bakin tiyon ya nutse a ciki.

Mataki na 5: Bilidin na mutum biyu

Kafin a fara, ku yi yarjejeniya da mataimakinka a kan kalma uku: taka, riƙe, saki. Kuma duk wanda ya yi ka ce ya amsa da baki. Sauke gilashin ƙofa ku riƙa jin juna, a kashe rediyo.

1. Ka ce "Taka." Ya taka a hankali sau uku, yana barin feda ta dawo sama sosai kowane karo.
2. A na ƙarshe ka ce "Riƙe." Ya danne ta a ƙasa ya ce "Na riƙe."
3. Buɗe nifil kwata ko rabin juyi. Mai da kumfa za su taho ta tiyo, sandar kulocin ƙasa ta koma baya.
4. Rufe nifil.
5. Sai yanzu za ka ce "Saki."
6. Jira daƙiƙa uku zuwa biyar masta ya sha mai daga kofi, sannan ku sake.

Dukkan sirrin aikin yana tsakanin na 4 da na 5. In ya saki feda nifil yana buɗe, masta zai zuƙo iska ta ƙasa, kun koma farko. Na taɓa yin kusan awa biyu a ƙarƙashin wata bas da wani sabon yaro a sama, na ƙarar da mai gwangwani biyu, har na fara zargin sabon mastan da muka ɗaura. Ashe da ya ji feda ta yi sako-sako a ƙafarsa sai ya ɗaga kafin in rufe. Tun daga ranar ba na buɗe nifil sai na ji "Na riƙe", ba na kuma yarda a ɗaga sai na faɗa.

A zagayen farko feda za ta iya kwanciya a ƙasa ta ƙi tasowa. Ba lalacewa ba ce, ya ɗago ta da hannu a hankali. Kada kuma ya riƙa dukanta da sauri kamar mai kunna babur. Taku mai sauri yana farfasa iska ta zama ƙananan kumfa masu wuyar fita. In ka ga man ya yi fari kamar nono, ku dakata minti goma ya kwanta.

Bayan kowane zagaye uku ka tashi ka duba kofi. Kofin kuloci ƙarami ne ƙwarai, in ya ƙafe ya sha iska ta sama, aikin ya ɓaci. Masu kofi ɗaya da birki su ƙara kula: bakin da kuloci yake sha an sa shi a sama-sama da gangan, don in kuloci ya yi yoyo kada ya ƙarar wa birki mai. Saboda haka za ka ga mai fiye da rabin kofi alhali kuloci iska yake sha. Riƙe shi a layin sama koyaushe.

Ku ci gaba har man da yake bi ta tiyo ya zama sabo, garau, babu ƙwayar iska ko ɗaya sau uku a jere. Yawanci zagaye takwas zuwa goma sha biyar ya isa. Ɗaure nifil daidai, ba da ƙarfin tsiya ba, mayar da hularsa, wanke wurin da ruwa.

Idan kai kaɗai ne

Hanya mafi sauƙi ita ce barin mai ya gangaro da kansa. Cika kofi, bar murfi a buɗe, buɗe nifil rabin juyi, ka zauna kana kallon tiyo kana ƙara mai. Yakan ɗauki minti ashirin zuwa talatin. Yana yi sosai a motar da bututunta ya gangaro kai tsaye.

Ko kuma ka yi amfani da gora. Rataye ta sama da nifil kaɗan, bakin tiyo a nutse cikin mai, ka shafa ɗan giris a gindin zaren nifil ta waje don kada iska ta bi ta nan. Buɗe kwata, ka je ka taka feda da hannu a hankali, ka ɗago a hankali. Abin da zai koma ta tiyo mai ne maimakon iska. A taku na ƙarshe tokare feda a ƙasa da sanda a jikin kujera, ka je ka rufe nifil.

Idan iska ta yi taurin kai

Iska sama take so, mu kuwa ƙasa muke korar ta. A motar da bututunta ya yi baka sama da masta, kumfa yakan tsaya a ƙololuwar bakan ya ƙi sauka. Maganinsa a turo mai daga ƙasa. Rage man kofi zuwa rabi. Cika sirinji da sabon mai, haɗa shi da tiyo, tura har mai ya cika tiyon babu iska, sannan ka cusa a nifil. Feda tana sama, kada a taɓa ta. Buɗe nifil, tura a hankali. Wanda yake sama zai ga kumfa yana ɓullowa a kofi, ya riƙa zuƙe man kada ya malala kan fenti. Rufe nifil kafin ka cire sirinji. A wurina wannan ita ce hanyar da ta fi kowace tabbas, musamman bayan canza masta.

Tsofaffin kanikawan Fijo 504 da 505 suna da irin wannan dabarar ba tare da sirinji ba: su haɗa tiyo daga nifil na birkin gaba zuwa nifil na kuloci, su buɗe duka biyun, a riƙa taka birki a hankali yana tura mai sama ta layin kuloci. Tana aiki, amma sai man birkin yana da tsabta, kuma sai an tsare kofin birki kada ya ƙafe. A rufe nifil na birki kafin a ɗaga ƙafa, bayan an gama kuma a tabbatar birki yana da ƙarfi kafin mota ta motsa.

Duba kuma yadda kulocin ƙasa yake zaune. Nifil ya kamata ya zama a sama da komai. In yana gefe ko ya karkata ƙasa, kwance silindar, riƙe ta nifil yana kallon sama, buɗe shi, tura sandar ciki da hannu har ƙarshe, rufe, sannan ka bar ta ta dawo a hankali. Wasu na roba ba su da nifil ko kaɗan. Su kuwa sai ka riƙe silindar a ƙasa, bakin bututu yana kallon sama, ka riƙa tura sanda ciki kana saki a hankali sau goma sha biyar ko ashirin, iskar za ta hau ta fita ta kofi.

In ka buɗe nifil babu abin da ya fito, cire shi gaba ɗaya ka duba. Laka takan toshe raminsa, ka zura siririyar waya. In an yi duk wannan kumfa bai daina zuwa ba, ko feda ta yi ƙarfi yau gobe ta yi laushi, koma mataki na 2. Robar masta ta baya tana iya zuƙar iska ba tare da ta zubar da mai ba.

Mataki na 6: Saitin feda

Danna feda da yatsa. Ya kamata ta yi ɗan wasa kafin ka ji nauyi. A yawancin Toyota wasan yana tsakanin milimita 5 zuwa 15, amma littafin motarka shi ne alƙali. A motocin da ake iya saitawa, akwai notin kulle a kan sandar masta.

Kuskuren da na fi gani shi ne a ƙara tsawon sandar don a ɓoye iskar da aka kasa cirewa. Giya za ta shiga, mai mota ya tafi yana murna. Amma a cikin masta akwai wani ɗan rami da mai yake komawa kofi ta cikinsa idan feda ta dawo. Sanda ta yi tsawo, fistin ya rufe ramin. Mota ta yi tafiya, mai ya yi zafi ya kumbura, ba shi da hanyar komawa, sai ya riƙa danna boris kamar direba ya ɗora ƙafa a kan kuloci. Da safe lafiya, da rana a kan hanya sulɓi, kafin wani lokaci faranti ya ƙone. Gwajinsa: tura sandar kulocin ƙasa ciki da hannu. In ta koma, mai ya motsa a kofi, ramin a buɗe yake. In ta ƙi kamar dutse, rage tsawon sandar sama.

Mataki na 7: Gwaji

Cika kofi zuwa layin sama, rufe. Tayar da inji a firi, taka kuloci, ƙirga uku, sa ribas. Ribas a motoci da yawa ba ta da abin daidaita gudun haƙora, don haka ita ce take fara tona asiri. In ta shiga shiru, aiki ya yi. Saki feda a hankali: ya kamata mota ta fara ɗauka wajen tsakiya, ba dab da ƙasa ba. Yi zagaye na minti goma sha biyar har inji ya yi zafi, ka dawo ka sake haska ƙarƙashin sitiyari da nifil da mahaɗai. Yi alama a jikin kofi ka duba bayan kwana uku. Tsohon man da ke gora kada ya koma mota, kada kuma a bar shi inda yara ko dabbobi za su kai, guba ne. Canza man kuloci duk shekara biyu, lokacin da ake canza na birki.

In abin ya same ka a hanya

In yoyon kaɗan ne, cika kofi da man birki, yi famfo da feda, ka lallaɓa zuwa gari kana dubawa. Na san ana zuba ruwan sabulu a irin wannan hali, na sha wanke ɓarnarsa: yana sa tsatsa a silinda, yana tafasa da wuri. Wanda larura ta sa ya zuba, ya wanke layin duka da sabon mai a ranar. In kuwa kofinka ɗaya ne da birki, kada ruwa ya kusance shi ko da wasa.

In feda ta mutu gaba ɗaya kuma wurin ba na tsayawa ba ne, ana iya matsar da mota ba kuloci. Bari inji ya yi ɗumi a firi, kashe shi, sa giya ta ɗaya, tabbatar gabanka a buɗe yake, murza makulli kana ba da wuta kaɗan. Za ta yi tsalle ta ɗauka. Motocin da sai an taka kuloci suke tashi, ka taka fedar duk da ta mutu. Don canza giya, sassauta totur, zare zuwa firi, jingina sandar giya a bakin ta gaba da sauƙi har gudun inji ya yi daidai ta faɗa da kanta, kada ka tura da ƙarfi. Wajen tsayawa, zare zuwa firi ka taka birki. Wannan yana wahalar da kik da batir da haƙoran giya, don haka iyakarsa gareji mafi kusa, kuma ba a cikin cunkoso ba.